Ranar da Aka Yanke Wayar Halvor

Duk mutumin titin arewa da ya ce maka bai taɓa sauraren hirar wani a tarho ba, ƙarya yake yi, ka turo min shi in faɗa masa a fuska. Ni ce Verna Kolb, ni nake zaune gaban allon haɗa waya na garin Norby tun kafin wasunsu su yi aure. Allon a falona yake, tsakanin murhu da taga, abin saurare kuma yana maƙale a kunnena daga safe har yamma. Babu wanda ya san halin mutanen nan kamar ni. Shi ya sa har yau in na tuna abin da suka yi wa Halvor Nesheim sai in ji raina yana tafasa.

Waya ɗaya ce ta bi titin arewa, gidajen manoma goma sha wani abu suna rataye a jikinta. In aka kira gida ɗaya, ƙararrawa a duk gidajen take kaɗawa, sai dai kowa da irin tasa: gidan Bakke gajere uku, gidan Nesheim dogo biyu da gajere ɗaya. Wanda aka kira ya ɗauka ya amsa. Sauran kuma su ajiye tsintsiya da bokitin madara, su lallaɓo su ɗaga nasu a hankali, su toshe bakin da tafin hannu. Ni kuwa ina jin su ɗaya bayan ɗaya, ƙit, ƙit, ƙit, har muryar masu magana ta riƙa yin ƙasa saboda yawan kunnuwan da suka hau wayar.

Kowa yana yi, har matar fasto. Amma akwai ƙa'ida, wadda ba a taɓa rubutawa ba: ka ji, amma ba ka ji ba. Ba a tsoma baki, ba a tari, ba a nuna an sani. Matar da ta ji da kunnenta ran Talata cewa ɗan maƙwabciyarta ya karye a ƙafa, sai ta jira Lahadi a gaya mata a bakin coci, ta dafe ƙirji ta ce, “Haba dai! Yaushe?” A kan wannan munafuncin muka zauna lafiya shekara da shekaru.

Gidan Halvor shi ne na ƙarshe, inda waya ta ƙare, bayansa sai fadama da iska. Lokacin da matarsa Signe take da rai, shi tarho bai dame shi ba. Ya wuni da shanunsa, ya dawo ta zuba masa abinci, ta zuba masa labarin duniya, ya gyaɗa kai. Ba su haihu ba. Da ta rasu a kakar bara waccan, an yi kamar sati biyu ana kaɗa masa dogo biyu da gajere ɗaya ana ta'aziyya. Daga nan shiru. Ban sake jin ƙararrawar gidan ba sai ranar da wani mai sayen shanu ya kira, shi ma kuskure ya yi.

In hunturu ya yi, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, Halvor sai ya yi sati bai ga fuskar ɗan Adam ba. To, sai ya fara ɗaga tarho kamar kowa. Matsalarsa ɗaya, bai iya ba. Bai san ana toshe baki ba. Ga agogon bango na Signe kusa da tarhon yana ta bugawa da ƙarfi, ga ƙirjinsa yana gurnani in ya ja numfashi. Da ya ɗaga kowa ya sani. Wani lokaci kuma ni yake kira, ya ce, “Verna, ƙarfe nawa?” alhali ina jin agogon a bayansa yana tak, tak, tak. In faɗa masa, ya yi godiya, sannan ya tsaya bai ajiye ba, ya ce, “Yau akwai sanyi.” In ce akwai. Wannan wayar ita kaɗai ta rage masa da sauran mutane, kuma babu wanda bai san haka ba a titin arewa.

Wata safiya a watan Fabrairu aka bugo daga birni, aka shaida wa Hulda Bakke cewa 'yarta Irma ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. Irma ta yi ɓari sau biyu kafin wannan, duk layin ya sani, ko da yake duk layin bai sani ba. Hulda tana ajiyewa ta murza hannun tarho ta kira ƙanwarta Tilda, wadda take aure can sama da makaranta. Ƙit, ƙit, ƙit, kowa ya hau. Na ji kanarin Hulda yana kuka a kejinsa, na ji agogon Halvor.

“Tilda, ta haihu!” in ji Hulda, tana kuka tana dariya. “Mace ce, lafiyayya, wai har gashi gare ta.”

“Allah mun gode! Wane suna za a sa?”

“Ai rigimar ke nan. Irma tana son Lenora, shi kuma mijin ya dage sai sunan uwarsa, Gudrun. Ki ji fa, Gudrun! Jaririya da sunan tsohuwa. Sun ce sai ranar baftisma za su yanke.”

Sai kawai wata murya ta faso tsakiyar hirar, mai kauri, tana rawa don murna.

“Barka, Hulda! Barka! Allah ya raya ta. Kai, na ji daɗi!”

Layin ya yi tsit. Ko numfashi babu. Sannan masu laɓe suka fara sulalewa, ƙit, ƙit, kamar ɓeraye an kunna fitila.

“Wane ne wannan?” in ji Hulda, alhali ta sani sarai.

“Ni ne, Halvor. Ai Signe ce ta ɗinka wa Irma rigar baftisma, kin tuna? Da tana nan da ta yi ta rawa a kicin.”

“Mista Nesheim,” ta ce, murya kamar ƙanƙara, “da 'yar'uwata nake magana.”

Ya ce ta yi haƙuri. Ya sake cewa ta yi haƙuri. Ta kife masa tarho.

Satin nan layin bai huta ba. Wance ta kira wance, “Kin ji abin da tsohon nan ya yi wa Hulda?” Wance ta ce, “Ban ji ba, me ya faru?” alhali ranar tana kai, na ji karenta yana haushi. Aka ce ba shi da kunya. Aka ce tun mutuwar Signe kansa ya taɓu. Aka ce mace ba za ta sake sakin jiki ta yi magana ba, namiji yana laɓe yana jin sirrinta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, duk lokacin da suke yaga shi, agogon nan yana bugawa a cikin wayar. Yana ji. Su ma suna jin agogon, sun san yana ji, amma ba su fasa ba.

Wayar ta ƙungiyar manoma ce, shugaban ƙungiyar kuwa Gust Bakke, mijin Hulda, mutumin da a gidansa ba ya iya tsawata wa ko kaza, amma in ya zauna bayan tebur sai ya riƙa hura hanci. Ya kira taro ran Asabar da rana a makaranta. Manya suka cusa kansu cikin kujerun yara. Halvor ya zo da baƙar kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Signe, ya aske gemu har ya yanke kansa a haɓa. Ya gaishe da kowa da suna. Wasu sun amsa, wasu suka sami abin kallo a rufin ɗaki.

Gust ya buga tebur. “Dokar ƙungiya ta hana sauraren hirar wani, hukuncinta kuma yanke waya. Mista Nesheim, ka saurari hirar matata ko ba ka saurara ba?”

“Na saurara,” in ji Halvor.

“To, kun ji da kunnenku.”

Ni ba ni da ƙuri'a, ma'aikaciya ce, amma na miƙe. “Gust, kafin ku ci gaba, wanda bai ɗaga tarhonsa ba safiyar nan a cikin ɗakin nan, ya ɗaga hannu mu gan shi.”

Babu hannun da ya motsa. Wani ya yi tari.

“Verna, ki zauna,” in ji Gust. “Ba ke ake tuhuma ba.”

“Ai shi ne na ce a tuhumi kowa. Kai kanka, Gust, in ana cinikin masara a layi, wa yake tauna taba a kunnena?”

Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye. Fuskar Gust ta yi ja. Ya nuna ni da yatsa. “Kin yi alkawari ranar da muka ɗauke ki, abin da kika ji a allo ba zai fita daga bakinki ba. Kina so mu tattauna aikinki yau, ko za ki zauna?”

Tilda ta juyo daga kujerarta, ta gyara hula. “Haba Verna, ke ma kin sani. Sauraro daban, tsoma baki daban. Mutum ya san iyakarsa mana.”

Na ce, “Au, iyakarsa ke nan? Ya zauna shi kaɗai ya ji an yi haihuwa, ya haɗiye murnarsa?”

Gust ya sake buga tebur, ya tambayi Halvor ko yana da abin cewa. Tsohon ya miƙe yana jujjuya hularsa.

“Barka kawai na ce,” ya ce. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, da gaske yake tambaya, ba gatse ba. “Da na yi shiru, da babu laifi?”

Wani daga baya ya ce, “Da ka yi shiru, wa zai ce ka ji?”

Aka zo ƙuri'a, aka ɗaga hannuwa. Waɗannan hannuwan da suka maƙale ɗazu, yanzu duk sun warke. Biyu ko uku suka sunkuyar da kai ba su ɗaga ba, amma ba su ce uffan ba, don haka ban sa su cikin mutanen kirki ba. Aka yanke cewa Floyd, mai gyaran waya, zai je ran Litinin ɗin sama ya cire gidan Nesheim daga layi. Aka tashi aka sha kofi da burodin kirfa da matan suka kawo, don mu mutanen Norby ba ma zaluntar mutum da yunwa. Halvor bai tsaya ba. Na hange shi ta taga yana kwance dokinsa, hannunsa ya kasa warware igiyar.

A tsakanin nan aka yi baftisma a birni, Hulda da Gust suka je suka dawo. Labarin sunan ya bi layi ran Lahadi da yamma, lokacin da Halvor yake wajen tatsa. Na lura babu agogo a wayar. Ko Hulda ta zaɓi lokacin da gangan, ita ta sani.

Ran Litinin da hantsi ƙararrawata ta kaɗa. Na soka waya na amsa. Tak, tak, tak.

“Verna, Floyd ya iso,” in ji Halvor. “Ga shi can yana ɗaura ƙarafan hawa falwaya. Ina ganinsa ta taga.”

Ƙit, ƙit, ƙit. Ban taɓa jin layin ya cika haka ba, ko ranar da rumbun gidan Aune ya kama da wuta. Muryarsa ta koma can nesa saboda yawansu.

“Suna nan?” ya tambaya.

“Suna nan, Halvor. Babu wanda ya rage.”

Ya gyara murya. “To, jama'a, ina kwananku. Ban kira don in roƙi kowa ba, abin da kuka yanke kun yanke. Na ce dai in gaishe ku, tunda ba zan ƙara jin muryoyinku ba sai hanya ta buɗe. Tilda, ina kwana. Misis Aune, yaya ƙafar? Gust, ina kwana.”

Shiru. Numfashi kawai, kala-kala, a bayan tafukan hannu.

“Ko mutum ɗaya,” ya ce. “Ina kwana kawai.”

“Lafiya lau, Halvor,” na ce. “Ina gajiya?”

“Ke aikinki ne, Verna,” ya ce a hankali. Bai faɗa don ya ɓata min rai ba, amma har cikin ƙashina na ji ta.

Na san dalilin shirunsu. Ni ya kira, ba su ba, don haka duk wanda ya amsa ya tona kansa cewa yana laɓe. Mutum yana roƙon gaisuwa, su suna tsaron mutuncinsu. Mutuncin banza!

“Floyd ya kai rabin falwaya,” in ji Halvor. Yanzu sauri yake yi. “Abu ɗaya nake so in sani. Hulda, in kina ji, yarinyar nan, wane suna aka sa mata? Lenora ko Gudrun? Kwana da kwanaki ina ta tunani. Ki faɗa min shi kaɗai, ba zan ƙara damun ki ba.”

Kanari ya yi kuka a cikin wayar, tsaf, kowa ya ji.

“Hulda Bakke,” na ce, “tsuntsunki ya riga ya tona ki. Kina nan, kowa ya san kina nan. Buɗe baki ki ba mutumin nan amsa. Kalma ɗaya ce!”

Na ji ta ja numfashi. Na ɗauka za ta yi magana, na rantse na ɗauka. Sai ta ƙara danne bakin tarhon, kukan kanarin ya dushe.

Na ce a raina, alkawarin Gust ya ci kansa. “Halvor, saurara, ni zan faɗa maka. Sunanta…”

Agogon ya tsaya a kunnena. Babu tak, babu gurnanin ƙirji. Floyd ya sa filaya.

“Lenora!” na daka tsawa cikin wayar. “Lenora aka sa mata! Halvor!”

Babu Halvor. Su kuwa suna nan, babu wanda ya ajiye, suna jiran su ji ko da saura. Can sai Tilda ta cire hannu daga bakin tarhonta, ta ce cikin murya mai daɗi, “Kai, Verna, kin ji yadda layin ya washe kuwa? Don Allah haɗa ni da kanti, gishirina ya ƙare.”

Na cire abin sauraren daga kunnena na jefar a kan tebur. Na bi wayoyin allon na fizge su duka, na titin arewa da na kudu da na cikin gari, har na likita. Na sa kwat da takalman sanyi, na rufe ƙofa allon yana ta kaɗa ƙararrawa a bayana. Su kore ni in sun ga dama, su nemo wadda za ta zauna tana shan warin halinsu daga safe zuwa yamma. Yau dai kowa ya ɗanɗana yadda ake murza tarho a ji shiru.

Tsohuwar motata ta sha wahala a hanyar nan. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, taɓo har gindin ƙofa, sau biyu ina fita ina tura ta ina zagi. Na wuce gidajensu ɗaya bayan ɗaya, kowane da labule a ɗage da fuska a bayansa. A gidan Bakke na ga Hulda tsaye a taga. Na danna mata oda har sai da kajinta suka watse. Kusa da fadama na haɗu da Floyd yana dawowa. Ya ja hula ya rufe ido, ya bi gefe ya ba ni hanya.

Da na isa gidan Halvor, wayar tana reto daga falwaya, guntunta yana jan ƙasa. Na ƙwanƙwasa, Halvor ya buɗe. Yana sanye da kwat ɗin nan ta jana'iza, ashe ado ya yi don ya yi sallama da mutanen da ba sa ganinsa. Ya tsaya yana kallona kamar bai gane ni ba, don ya saba da muryata ne, ba da fuskata ba.

“Verna? Wa kika bar wa allo?”

“Babu kowa. Ya yi ta kuka.”

Na shiga. Kicin ɗin tsaf, kujera ɗaya a bakin tebur, ɗaya kuma an ja ta ƙarƙashin tarhon, wurin zamanta har ya lotsa. Kan tarhon yana rataye a igiyarsa, bai mayar ba. Agogon da na shekara ina ji a kunne, yau na gan shi, ɗan ƙarami ne ashe.

“Lenora,” na ce, tun kafin in cire safar hannu. “Lenora aka sa mata.”

Ya dafa tebur. “Lenora,” ya maimaita. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. “Irma ta ci ke nan! Da ma shi nake so. Gudrun ai nauyi zai yi mata. Lenora Nesh…” Ya tsaya, ya girgiza kai. “Ji ni fa. Lenora dai.”

Ya ɗora butar kofi a wuta, ya hau neman kofin sha na biyu a can bayan kabad, ya wanke shi sau biyu don ƙura. Ya jawo min kujerar tarhon. Yana ta maimaita sunan ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na zauna ina cizon leɓe, don in na buɗe baki ko dai in yi kuka ko in tsine wa titin arewa kaf.

“In kin koma,” ya ce yana zuba min, “ki gaya wa Hulda na ce suna ya yi kyau. Ki ce mata Allah ya…”

Ya tsaya, butar tana hannunsa. Ya dubi tarhon da ke reto a bango, sannan ya dube ni.

“A'a, bari,” ya ce. “Kar ki gaya mata. Za ta ce na saurara.”